Yadda ɗan mutum-mutumin roba ya zama ƙato a idon kyamara

Gundam, mutum-mutumin yaƙin nan na zane mai motsi na ƙasar Japan, tsawonsa mita 18 ne a cikin labari. Wanda ake sayarwa a kwali kuwa an rage shi sau 144, bai wuce santimita 12 da rabi ba, tafin hannu ya ishe shi. Tazarar da ke tsakanin awon nan biyu ita ta haifar da wata fasahar ɗaukar hoto, wadda burinta guda ne: a sa mai kallo ya ji kamar sai ya ɗaga kai kafin ya ga fuskar abin da yaro zai iya sawa a aljihu.

A watan Afrilun 1979 aka fara nuna Mobile Suit Gundam a talabijin, Yoshiyuki Tomino ne ya ba da umarni. Da fari bai samu karɓuwa ba, har aka datse shi a kashi na 43. Kayan wasan ƙarfe da kamfanin Clover ya ƙera domin ƙananan yara ba su dace da masu son shirin ba, don yawancinsu samari ne da labarin yaƙin ya ja hankalinsu. Sai kamfanin Bandai ya karɓi lasisi, ya fitar da Gundam na roba a watan Yulin 1980 a kan yen 300. Gutsattsari ne masu launi ɗaya. Mai saye shi zai yanke, ya manna da gam, ya shafa fenti. Aka sa musu suna Gunpla. Kafin a ankara kasuwa ta kama wuta, har a Janairun 1982 yara suka turmushe juna a kan matakalar lantarki ta wani kanti a lardin Chiba wajen rububin saye, wasu suka ji rauni.

Tunda kowa da hannunsa yake fenti, ba a samun biyu iri ɗaya, kuma mai gwaninta yana son a gani. Nan mujallu suka shigo. A 1981 mujallar Hobby Japan ta fitar da bugu na musamman mai suna How to Build Gundam. Maginan da suka yi aikin, ciki har da 'yan ƙungiyar Stream Base, sun aro dabarun masu haɗa ƙananan tankokin Yaƙin Duniya na Biyu: tsatsa a gaɓoɓi, taɓo a ƙafafu, ƙunar harsashi a ƙirji, sannan a kafa mutum-mutumin a cikin ɗan filin daga da aka gina da filasta da yashi. Yaron da ke wani ƙauye mai nisa da Tokyo ba zai taɓa ganin wannan gini da idonsa ba. Shafin mujalla kaɗai zai gani. Ke nan hoton ne ainihin aikin da ya isa ga jama'a, kuma magina suka fara gini da tunanin inda kyamara za ta tsaya.

Ba daga sama suka samo wannan ido ba. Sun taso suna kallon aikin Eiji Tsuburaya, wanda ya tsara dabarun fim ɗin Godzilla a 1954 da shirin Ultraman a 1966, inda ake gina ƙaramin birni a cikin situdiyo, a kwantar da kyamara ƙasa, a saki hayaƙi don nesa ta yi kama da nesa. Lissafin a fili yake: idan an rage komai sau 144, idon mutum ba zai wuce santimita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba, to can ne gurbin kyamara. Duk wanda ya taɓa ƙera motar kara yana yaro, ya kwanta rub da ciki yana kallonta tana tahowa a cikin rairayi, ya san wannan sirri tun kafin ya riƙe kyamara.

Wahalar tana wani wurin. Kyamara in ta matso kusa da ƙaramin abu, sai ta fito da kai sarai ta bar ƙafa dishi-dishi, kuma da ganin haka ido ya gane abin wasa ne. Maganinsa a tsuke ƙofar haske, a dasa kyamara kan ƙafafunta, a jira. Auduga ta zama hayaƙi, zaren kamun kifi ya ɗaga mutum-mutumin sama.

A ganina, shekarun 1980 ne abin ya tashi daga talla ya zama fasaha mai cin gashin kanta. Kow Yokoyama ya gudanar da SF3D a Hobby Japan daga 1982 zuwa 1985, labarin yaƙi da aka gina kan hotunan abubuwan da ya haɗa da tarkacen wasu kwalaye da kayan amfanin gida. Daga 1987 zuwa 1990 kuma mujallar Model Graphix ta buga Gundam Sentinel, wanda Hajime Katoki ya zana injinansa. Ba a taɓa nuna shi a talabijin ba. Rubutu da hotunan roba su ne suka ɗauki labarin gaba ɗaya, kuma masu karatu suka yarda da shi, suka so shi.

Abin da ya biyo baya sauƙi ne a kan sauƙi. Bandai ya kawo gutsattsari masu launi da ke shiga juna ba gam, sannan jerin High Grade a 1990 da Master Grade a 1995, masu gaɓoɓin da ke iya durƙuso da ɗaga bindiga. Kwamfuta ta ba da damar ɗaukar hoto da yawa a haɗe su wuri guda, komai ya fito sarai daga kai har ƙafa. A 2009 aka kafa Gundam mai cikakken tsawon mita 18 a Odaiba da ke Tokyo, jama'a suka tsaya a gindinsa suka ga da idonsu kusurwar da masu hoto suka yi kusan shekara 30 suna kwaikwayo a kan tebur.

Yau wayar hannu ta wadatar. Idonta yana can gefe, don haka in aka kifa ta kai ƙasa, yakan sauka daidai tsayin ɗan mutumin nan mai santimita ɗaya. Mai hoto ya fita bayan an ɗauke ruwa, ya tsayar da Gundam ɗinsa a bakin kwatami, rana tana faɗuwa a bayansa, ɗan ruwan da ya kwanta ya koma tafki.