Layin Dogo da Gyaɗar Kano, 1907–1930: Wa Ya Zaɓa wa Jirgin Ƙasa Kayansa?

Tsakure

Maƙalar nan tana ƙalubalantar ra'ayin da ke cewa zuwan jirgin ƙasa Kano shi kaɗai ya haifar da cinikin gyaɗa. Hujjarta ita ce manoma da fatake ne suka yanke abin da zai cika taragu, saɓanin nufin waɗanda suka shimfiɗa layin.

Bitar ayyukan da suka gabata

Bayanin da ya fi yawo a makarantu shi ne Turawa sun kawo dogo, dogo kuma ya kawo gyaɗa. Wannan ya mai da Bakano ɗan kallo a tarihin kasuwarsa, kuma bai dace da manufar aikin ba. Lokacin da aka fara layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Girouard, auduga masaƙun Lankasha ke nema, ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya (BCGA) kuma ita ke kan gaba wajen kiran a yi layin. Jan Hogendorn (1978) ya nuna rawar da 'yan kasuwar Kano suka taka, kuma a kan turbarsa wannan nazari ya ɗora.

Hanyar bincike

An kwatanta alƙaluman fitar da kaya da aka riga aka buga da abin da aka sani na tsarin noma da fatauci a ƙasar Kano.

Sakamako

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912. Gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa wajen tan 19,000 a 1913. Auduga ba ta yi irin wannan tsalle ba, domin tana da masu saye a gida: masaƙa da marina suna biyan kuɗin da ya fi na Bature.

Lissafin manomi kuwa a fili yake. Gyaɗa tana son jigawa, tana zama gona ɗaya da gero da dawa. In farashi ya faɗi, matan gida su matse mai su soya ƙuli-ƙuli, harawa kuma ta ciyar da dabbobi har rani. Auduga in ta yi kwantai ba mai ci. Ga haraji da ake nema da tsabar kuɗi.

Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, sai suka jingina da fataken goro irin su Alhassan Ɗantata da Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Waɗannan suna da yara a kasuwannin karkara, suna ba da bashin gishiri da tufa tun damina a biya da gyaɗa da kaka. Jakai da raƙuma su kawo buhuna har bakin sikeli kusa da tasha. Amanar da aka gina a hanyar fataucin goro ta Gwanja ita ta cika taragun. Da aka miƙa layin zuwa Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, gyaɗar da ta riga ta kafu ya bi.

Iyakar nazarin

Alƙaluman na hukumar mulkin mallaka ne, ba su ƙirga abin da aka ci a gida ba. Gaskiya ne kuma ba don dogo ba, kuɗin dako zuwa teku da ya cinye ribar. Wannan bai rushe hujjar ba: jirgi ya rage tsadar sufuri, zaɓin amfanin gona kuwa na manomi ne.

Kammalawa

Saboda haka, masu tsara sabon layin Kano zuwa Maraɗi su fara tambayar 'yan kasuwar Dawanau da Jibiya abin da suke lodawa a manyan motoci yau, domin nan kayan jirgin zai fito.