Targaɗen idon sawu: yadda ake maido wa gaɓa motsinta

Galibin targaɗen idon sawu na faruwa ne in ƙafa ta turguɗe, tafinta ya juya ciki, jijiyoyin gefen waje su ja ko su yage. Bayan kumburi ya saɓe, gaɓar takan ƙage: tsugunno, zaman sallah da saukowa daga bene su yi wuya.

Kwana 2 zuwa 3 na farko hutu ne, da ƙanƙara a cikin tsumma, da ɗaga ƙafa. Daga nan sai motsi a hankali. Mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, ya rataya zane a tafinta, ya jawo yatsu wajensa na daƙiƙa 30, sau 3, don agara ta saki. A asibiti, likitan gaɓɓai da ake kira kine yakan riƙe ƙwauri ya tura ƙashin da ke ƙarƙashinsa baya, kaɗan-kaɗan. Wannan aikin gwani ne. Murza da ƙarfi irin ta gida ƙara ɓarna take.

Tsayuwa da ƙafa ɗaya kullum na rage sake turguɗewa, musamman ga ƴan kokowa da ƙwallo. Wanda ya kasa taku 4, a yi masa hoton radiyo tukuna, don kada karaya ce.