Bishara da Almajirantarwa a Nijar: Daga Tsibirin Gobir zuwa Yamai

A koyarwar Kiristocin da ke ibada da Hausa, nauyi uku ke kan kowane mai bi: ya kai bishara ga wanda bai karɓa ba, ya raini sabon tuba har ya tsaya da ƙafafunsa, wato almajirantarwa, ya kuma farfaɗo da ɗan'uwan da ya yi sanyi. Suna kafa hujja da umarnin da ke ƙarshen Bisharar Matiyu, sura ta 28. A Nijar, inda ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin ɗari, Kiristoci kuwa kimanin kashi 0.3, wa'azin dandali bai taɓa tara jama'a mai yawa ba. Ikilisiyar da ke ƙasar a yau ta tsiro ne a hankali, a harabar asibiti, a gona da a aji.

Zuwan 'yan mishan

Ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ta samo asali a 1893, shekarar da Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da nufin kutsawa ƙasar Hausa. Biyun farko sun mutu kafin a je ko'ina, Bingham kaɗai ya rage. Sai a 1924 ƙungiyar ta kafa tasha a Damagaram, wadda ita ce hedkwatar mulkin Faransa a lokacin. Shekara biyu bayan haka Faransawa suka kwashe ofisoshinsu suka koma Yamai. SIM ba ta bi su ba, ta tsaya a ƙasar Hausa, inda ta buɗe tashar Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, a 1927.

Yamai ta wancan zamani ƙaramin gari ce, kewaye da ƙauyukan bakin kogi irin su Gudel da Saga da Gamkalley. Wasu ne daban suka kai Kiristanci can. 'Yan Baptis daga Amurka sun iso a ƙarshen shekarun 1920, suka duƙufa kan Zabarmanci. A 1931 Fada François Faroud, na ƙungiyar limaman Katolika ta birnin Liyon, ya kafa mishan a garin. Yawancin masu zuwa ibada a mishan ɗinsa akawuna ne da magina da kafintoci 'yan Dahome da Togo, waɗanda aikin gwamnati ya kawo. Tun daga nan aka samu rabuwar da har yau ba ta goge ba: a gabas ikilisiyar 'yan ƙasa mai waƙa da Hausa, a babban birni kuwa ikilisiya mai yawan baƙi, mai ibada da Faransanci.

Tsibiri da rigimar ilimi

Almajirantarwar SIM ta dogara kan karatu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko a 1932, kuma burin mishan shi ne kowane sabon tuba ya iya karanta shi da kansa. Shi ya sa ajin baƙi da wasali ke zuwa kafin baftisma. Wanda ya nuna hazaƙa sai a tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki, ya fito mai bishara, ya koma wani ƙauye da iyalinsa, yana noma da damina yana koyarwa da rani.

Abin da mishan ta daɗe tana jan ƙafa a kai shi ne makaranta ta Faransanci. Ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne, daga Amurka da Kanada da sauransu, Faransawa ba su sake da su ba, musamman a zamanin gwamnatin Vishi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan mishan ɗin kansu suna tsoron ilimin zamani zai janye 'ya'yan masu tuba zuwa neman abin duniya. Masu tubar kuwa suna kallon 'ya'yan wasu na zama malamai da ma'aikata, nasu ba su da takardar da gwamnati ta sani. Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi kan Kiristocin Maraɗi a 2006, ta bi diddigin wannan ja-in-ja. Duk wanda ya duba abin da ya biyo baya zai ce iyayen ne suka fi hangen nesa, domin makarantar firamare da daga baya aka buɗe a Tsibiri ta yaye mutanen da suka riƙe ikilisiyar. Katolika ba su yi wannan jinkiri ba, kuma kwalejinsu ta Mariama a Yamai ta yi suna har a gidajen Musulmi.

Asibiti da gona

A 1950 aka buɗe asibitin Galmi, garin albasa, a kan hanyar Birnin Ƙonni zuwa Madawa. Asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi, ya biyo baya cikin shekarun 1950. Jinyar kuturta a wancan lokaci ta shekaru ce, don haka majinyaci kan zauna ya ji koyarwa safe da yamma, kuma wasu daga cikin iyalan Kirista na yankin daga nan suka fito. Masu suka na cewa an haɗa magani da wa'azi ga mutumin da ba shi da zaɓi. Mishan na cewa ba ta taɓa hana kowa magani don addininsa ba, kuma mafi yawan masu zuwa Galmi Musulmi suke zuwa, Musulmi suke komawa.

Aikin SIM da ya fi taɓa talakan Nijar bai shafi tuba ba ma. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin gona a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon dashe, manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututturen, ya datse sauran, ya aske gefen waɗanda ya bari, ya kare su daga awaki. Yunwar 1984 ta sa dabarar ta yaɗu ta hanyar aiki a biya da abinci, manoma suka sa mata suna sassabin zamani. An ƙiyasta ta kai ga kadada kusan miliyan 5.

Ikilisiyar 'yan ƙasa da birni

A daidai lokacin samun mulkin kai a 1960, masu bin SIM suka haɗu a ƙungiyar EERN. Rikicin shugabanci da na dukiya ya tsaga ta a wajen ƙarshen shekarun 1980, aka samu ƙungiyar UEEPN da ikilisiyar Salama. Babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafa ƙungiyoyi, sai majami'un Fentikos suka yawaita, da dama daga Najeriya. Su ne suka fi ɗaukaka maganar farfaɗowa, da azumi da addu'ar kwana da lasifika. Ƙungiyoyin gyaran aƙida na Musulmi ma a wannan sarari suka bunƙasa.

A wannan tsakani Yamai ta haɗiye ƙauyukan da ke gefenta. Gamkalley ta zama unguwa mai cunkoso, da majemarta da lambunanta a gaɓar kogi, masana'antu a maƙwabtaka. A irin waɗannan unguwanni Kirista maƙwabci ne a gidan haya: Bagurme, ko ɗan Benin ko Togo ko Burkina Faso, ko Bahaushen da aiki ya kawo daga Maraɗi. Almajirantarwa a nan ta koma addu'ar gida-gida, zumuntar mata da ta matasa, da ziyarar wanda aka daina gani ranar Lahadi.

Zaman tare da Musulmi ya sha girgiza. A Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta kai ga far wa majami'ar Vie Abondante a Maraɗi. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ya ɓarke a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, 'yan sanda suka ce an ƙona majami'u 45 a babban birnin. Akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, shugabannin ikilisiya kuma suka yi shelar yafewa. A watan Yunin 2015 Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, ya hau kujerar babban bishof na Yamai, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta. A yankin nasa ne, a ƙauyen Bomoanga, 'yan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Satumban 2018, ba a sako shi ba sai Oktoban 2020 a Mali. Rashin tsaro ya watsa ikilisiyoyin ƙauyuka da dama a can, mutanensu suka yi gudun hijira zuwa Makalondi da Torodi da unguwannin Yamai.