Adda Biyu a Kasuwa Ɗaya: Waiwaye Kan Ƙarfen Shiga Daji a Ƙasar Bauchi

Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa kasuwar Muda Lawal a ƙarshen bazara, lokacin da manoma ke haramar sharar gona, zai tarar da adda iri biyu a gaban masu sayar da kayan noma. Ɗaya doguwa ce, shafal, mai sheƙi, ɗauke da tambarin kamfani. Ɗayar kuwa gajera ce, baƙa, mai kauri, shatin masaba duk a jikinta. Mai saye yakan ɗaga wannan, ya jinjina waccan, kafin ya taya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa bambancin addunan nan biyu ya wuce na farashi, domin kowace daga cikinsu da irin dajin da aka ƙera ta dominsa, kuma tarihi ne ya haɗa su a kasuwa ɗaya.

Zamanin Tama

Sarrafa ƙarfe ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. A Taruga, kusa da Abuja, binciken da Bernard Fagg ya yi cikin shekarun 1960 ya tono matoyan narkar da tama waɗanda suka haura shekara 2,000. A nan ƙasar Bauchi kuwa, cikin dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956, har yanzu ana ganin kufan irin waɗannan matoya a Shaushau da Ampara, shaidar cewa mazauna wurin sun narka ƙarfensu da kansu.

Tarihin baka ma ya ɗaure sunan garin da daji. An ce sa'ad da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya tashi kafa birninsa wajen 1809, wani maharbi mai suna Baushe ne ya nuna masa wurin da ya dace kusa da dutsen Warinje. Kafin a ja ganuwa sai da aka yi sassabe, kuma maƙeri ne ya ba da abin saran. A wancan zamani ƙarfe abu ne mai tsada, domin sai an haƙo tama, an ƙona gawayi mai yawa, an kwana ana hura wuta, kafin a sami dunƙule guda. Saboda haka kayan sara na asali suka zamo masu ƙaramin ƙarfe da babbar ƙota: gatari don kada itace, barandami don datse rassa, lauje don ciyawa.

Zuwan Addar Kanti

Turawan Ingila sun shiga Bauchi a 1902, kayan kantunansu kuma suka biyo baya ta hannun kamfanoni irin su John Holt da UAC. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya iso Bauchi a 1961. Daga cikin hajar da ta yi fice akwai adda mai tambarin kada, ta kamfanin Ralph Martindale da aka kafa a Bamingam ta Ingila a 1874.

Ita wannan adda ɗiyar ƙasashen kurmi ce da gonakin rake, inda abin sara ɗanye ne mai ruwa. Ruwanta kan kai inci 18 ko fiye, ga shi siriri, don haka ba ta gajiyar da hannu, kuma magagari kaɗan ya isa ya dawo da kaifinta. A fadama, ko wajen yankan kara da gamba, ba ta da na biyu. Amma dajinmu na ƙirya ne da marke da kanya, itatuwa masu taurin zuciya. Idan aka kai wa busasshiyar ƙirya sara da addar kanti, sai ta yi tsalle, ko ta maƙale, ko bakinta ya yi giɓi.

Martanin Maƙeri

Da ƙarfen Turawa ya yawaita, narkar da tama ta mutu murus, domin ba mai kwana a bakin matoya alhali ga ƙarfe a juji. Sai dai ƙira ba ta mutu tare da ita ba. Maƙeri ya koma ga tarkacen motoci, musamman sifirin manyan motoci, wanda ƙarfe ne mai ɗaukar tauri ba tare da saurin karyewa ba. Yakan sa shi a wutar gawayin ƙirya, ɗan zuga yana aiki da zugazugi, ya riƙe shi da awartaki a kan uwar maƙera, ya buge shi har ya yi faɗi wajen kai, sannan ya tsoma bakin a ruwa ko baƙin mai don ya yi tauri.

Sakamakon haka shi ne adda mai kaurin baya, wadda nauyinta ya rinjaya gaba, ta yadda saranta ya kusanci na gatari. Da ita maharbi ke faskare itacen wuta, ya sari sanda, ya datse ƙashi. Aibinta shi ne nauyi, da saurin tsatsa, da kuma cewa ingancinta ya dogara ga hannun da ya ƙera ta. Idan taurin ya yi yawa ta ɓalle, idan ya yi kaɗan ta dakushe. Wannan ne ya sa manomin da ya san ciwon kansa ba ya tambayar wacce ta fi, sai dai ya duba aikin da ke gabansa.

Kammalawa

Abin takaici a yau shi ne yadda sunan adda ke sauya ma'ana a kunnen ɗan birni. Tun da matsalar 'yan sara-suka ta addabi unguwannin Bauchi, yaro kan fara jin labarin adda da barandami a bakin masu ba da labarin faɗan daba kafin ya gan su a gona. Ƙarfen da ya share filin da aka kafa garin ya koma abin da ake ɓoyewa cikin riga. Laifin kuwa ba na maƙeri ba ne, na hannun da ya rasa sana'a ne, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa. Mun riga mun yi asarar ilmin narkar da tama ba tare da mun rubuta kalmominsa yadda ya kamata ba. Tsofaffin maƙera da maharba kuwa suna nan a ƙauyukan da ke kewaye da mu, da sunan kowane ƙarfe da amfaninsa a bakinsu. Ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa, ga batu nan a maƙera mafi kusa da gidansu. Ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ya gaishe su tun suna iya amsawa.