Daga Nahawu zuwa Farin Jini: Tarihin Wasu Kalmomin Ingilishi

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban ɗalibai yana koya musu Ingilishi ya san cewa sunan tebur ko na ƙofa ba ya ba da wuya. Wahalar tana zuwa ne idan aka iso ga abin nan da ke sa mutum ya shigo taro a yi tsit, ko a ji ana marmarin zama kusa da shi ba tare da an san dalili ba. Nan ƙamus yakan jero kalmomi biyar ko shida tamkar abu guda suke nufi, alhali kowace da asalinta. Wanda ya bi sawunsu zai tarar da yawancinsu daga wurin ibada ko daga hannun masu tsubbu suka fito, kafin su faɗa kasuwa.

Mu fara da “glamour”, wadda a yau ake faɗa wa ƙyalƙyalin taurarin silima. Tushenta shi ne “grammar”, wato nahawu. A Turai ta da can, nahawu yana nufin sanin Latin, kuma wannan sani yana hannun malaman coci da wasu ƴan tsiraru. Talakan da bai iya karatu ba yana ganin duk mai buɗe littafi yana da wani asiri. A bakin mutanen Sikotlan harafin r ya koma l, kamar yadda ake jin harshe da halshe a ƙasar Hausa, ma'anar kuma ta koma sihirin da ke rufe idon mutum ya ga abu ba yadda yake ba. Marubuci Walter Scott ne ya yaɗa kalmar a Ingila ta cikin wata doguwar waƙarsa ta 1805. Sannu a hankali sihirin ya gushe, sha'awar ta saura, har a 1939 aka fara buga mujallar mata mai suna Glamour a Amurka. Masu Faransanci suna da shaida a kusa, domin “grimoire”, kundin masu sihiri, daga “grammaire” ya samo asali. Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu, mu da muka san ana zuwa wurin malam ya yi rubutu a allo, a wanke a sha don neman farin jini.

Haka “charm” take. Ta fito daga “carmen” na Latin, wato waƙa ko surkullen da ake karantawa, ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi wajen shekara ta 1300. Har gobe tana ɗauke da ma'ana biyu: laya, da kuma iya jawo zukatan mutane.

“Charisma” kuwa ta fi su doguwar tafiya. A harshen Girka tana nufin kyautar da aka ba mutum ba don ya cancanta ba. Manzo Bulus ya yi amfani da ita a wasiƙunsa ga baiwar da Allah yake rarraba wa masu bi, kamar warkar da marasa lafiya da annabci. Ƙarnuka da dama ba ta fita daga bakin malaman addinin Kirista ba, sai da Max Weber, masanin zamantakewa na Jamus wanda ya rasu a 1920, ya ɗauko ta. Weber ya kasa mulki gida uku: na gado da al'ada, na doka da ofis, da kuma na mutumin da jama'a suka yi imani yana da wata baiwa da ta fi ta sauran mutane. Wannan na uku shi ya kira mulkin “charisma”, ya kuma nuna cewa ba ya ɗorewa, domin idan mai baiwar ya mutu tilas mabiyansa su mai da abin gado ko doka. An fassara wannan sashe na aikinsa zuwa Ingilishi a 1947. Daga zaɓen John Kennedy a 1960, ƴan jarida suka karɓe kalmar, suka riƙa liƙa ta ga duk ɗan siyasar da talabijin ta karɓi fuskarsa.

Kalmomin kuzari da karsashi sun biyo wata hanya daban. “Energy” ta Aristotal ce, wanda ya yi nufin kasancewar abu cikin aiki. Da farko Ingilishi ya yi amfani da ita ga ƙarfin zance, kafin Thomas Young ya shigar da ita kimiyya a laccocinsa da aka buga a 1807. Wasu daga madafa suka fito. “Zest” ɓawon lemo ne da ake kankarewa cikin abinci, aro daga “zeste” na Faransanci. “Pep” gutsuren “pepper” ne, barkono, kuma a Amurka ta bayyana a farkon ƙarni na 20. “Vim”, da ake dangantawa da kalmar Latin mai nufin ƙarfi, ta zama sunan garin goge tukwane da kamfanin Lever ya fitar a 1904. Da kalmomi suka kasa wa masu talla, sai suka koma ga wakilin suna: marubuciya Elinor Glyn ta kira wannan maganaɗisu “It”, wato “abin nan”, fim ɗin 1927 mai wannan suna kuma ya ɗaukaka Clara Bow.

Darasin da ke nan ga malami shi ne kada ya tattara su duka ya ce farin jini. Hausa ta bambanta abin da Ingilishin yau ya cakuɗa. Kwarjini yana sa a sunkuyar da kai, farin jini yana sa a matso kusa, baiwa daga Allah take, zafin nama kuwa a aiki ake ganinsa. Abin da Bulus ya nufa baiwa ce, na Weber ya fi kusa da kwarjini, na ƴan jarida kuma sau da yawa bai wuce farin jini ba. Ɗalibin da aka nuna wa wannan bambanci zai iya karanta jarida lokacin zaɓe ya tambayi kansa wanne daga ciki ake sayar masa, kuma wannan ilimi ya fi haddar kalma amfani.