Tsibirin Lete: rai, dukiya da tsaro tsakanin gaɓa biyu (1914-2007)

A cikin wannan ƙasida za mu duba tarihin wani ƙaramin gari na makiyaya da ke zaune tsakiyar kogin Kwara, wanda Zabarmawa da Dandawa ke kira Isa Beri. Tsibirin Lete yana yamma da Gaya, cikin jihar Doso, daura da Karimama ta ƙasar Benin, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 40. An fi saninsa a matsayin abin jayayya tsakanin Nijar da Dahome. Mu kuwa abin da ya dame mu a nan shi ne yadda wannan jayayya ta shafi mutanen da ke kwana suna tashi a wurin: wa ke da ciyawa, wa ke da gona, wa ake biya lanho, kuma ina mutum zai kai kuka in an taɓa shi.

1. Abin da sunaye ke faɗa

Kafin a buɗe takardun Nasara, yana da kyau a saurari sunayen tsibiran wannan yanki, don su ma shaida ne. Daga bakin kogin Mekru zuwa iyakar Nijeriya, kotun duniya ta lissafa tsibirai 25. Cikakken sunan namu shi ne Lete Gungu, kuma "gungu" tsibiri ke nan a Zabarmanci da Dandanci. Hausa ma ta san kalmar: Gungawan Yawuri, waɗanda madatsar Kainji ta tada daga tsibiransu a 1968, daga nan sunansu ya fito. A jerin akwai Bumba Baru Beri da Bumba Baru Kaina, wato babba da ƙarami. Akwai kuma Sandi Tunga Baru da Momboy Tunga Baru, inda muke ganin "tunga", zangon masunta ko na manoma, kalmar da duk wanda ya bi gaɓar Kabi ya saba ji. Wasu sunayen suna ɗauke da "ɗan" na Hausa, wasu da "Alhaji", alamar cewa an san wurin ne da mutumin da ya fara kafa bukka a kansa.

Wannan cakuɗa ta nuna cewa tsibiran ba su taɓa zama na al'umma guda ba. Bafillace yana zuwa don burgu, ciyawar nan da ke tsirowa inda ruwa ya kwanta, wadda ke riƙe shanu da rani lokacin da tudu ya bushe. Badande yana ƙetarowa da jirgi daga gaɓar dama ya yi noma. Sorko da Sarkawa nasu ruwa ne. Kowa da lokacinsa a shekara, kuma dukiyar kowa iri dabam ce: ta wani tana tafiya da ƙafa huɗu, ta wani tana kafe a ƙasa, ta wani tana ƙarƙashin ruwa. Rigima takan tashi ne inda lokutan suka haɗu, musamman in garke ya shigo kafin a kwashe amfanin gona. A Lete dai Fulani ne suka kafa mazauni na dindindin.

2. Takardu biyu masu saɓa wa juna

A 1900 Faransa ta kafa yankin soja na uku, wanda daga baya ya zama Nijar. Gaɓar hagu ta koma hannun Nijar, ta dama tana hannun Dahome, dukansu ƙarƙashin gwamna janar guda. Dokokin 8 ga Disamba 1934 da 27 ga Oktoba 1938 sun ce iyakar ita ce "cours" na kogin. Ga mai nazarin harshe, nan gizo ke saƙa. Kalmar tana nufin tafiyar kogi gaba ɗaya, ba ta zaɓi gaɓar hagu ba, ba ta zaɓi ta dama ba, ba ta kuma ce tsakiya ba. Kamar Bahaushe ne ya ce "iyakarmu gulbi": magana ce da ta wadatar muddin ba wanda ke zaune cikin gulbin. Masu rubuta dokar a Dakar rabon aiki tsakanin ma'aikatansu kawai suke yi, ba su yi zaton wata rana ƙasashe biyu masu tuta za su auna kalmar da ma'aunin zinariya ba.

Waɗanda ke kusa da kogin su ne suka ga matsalar tun da wuri. A ranar 3 ga Yuli 1914, Sadoux, kumandan na Gaya, ya rubuta wa takwaransa na Kandi wasiƙa tare da jerin tsibirai, inda ya ɗauki babban reshen da jirgi ke iya bi a matsayin iyaka. Dalilinsa ya cancanci a lura da shi: yana so a san wanda zai ba Fulani takardar izinin kiwo, a kuma san kotun da za ta saurari ƙara in an yi faɗa. Ke nan tun farko maganar dukiya ce da ta tsaro, tun ba a fara maganar ƙasa ba. Bisa wannan tsari Lete ya faɗo ɓangaren Gaya, kuma shekara arba'in ana tafiya haka: Gaya ke ƙidayar mutane, Gaya ke karɓar lanho, Gaya ke shari'a.

Sai ga wasiƙar 27 ga Agusta 1954. Raynier, mai riƙon gwamnan Nijar, ya rubuta cewa daga Bandofay zuwa iyakar Nijeriya iyakar tana bin inda ruwa ke kaiwa a gaɓar hagu in kogi ya cika, don haka duk tsibiran wannan sashe na Dahome ne. Bai ambaci wata doka da ya dogara da ita ba. A ganinmu wannan wasiƙa ita ce ta fi kowace cutar da mutanen Lete. Mazauna ba su canza ba, shanu ba su canza ba, amma daga ranar kowane ɓangare ya sami takardar da zai ɗaga. Manomin gaɓar dama yana ganin ƙasar tasa ce, makiyayi baƙo ne. Makiyayi kuwa yana riƙe da takardun lanhon da ya biya a Gaya. Wurin da hukuma biyu ke da'awa, a aikace ba mai tsaronsa, domin duk gardin da ya taka shi ɗaya ɓangaren zai ce an keta masa iyaka.

3. Daga 1960 zuwa Yamusukuro

Sakamakon bai daɗe ba. A daren 29 ga Yuni 1960 aka kai farmaki a tsibirin, mutum huɗu daga ɓangaren Nijar suka rasa rayukansu. Wata guda bayan haka Dahome ta sami ƴancin kai ranar 1 ga Agusta, Nijar ranar 3 ga wata, faɗan makiyaya da manoma ya zama gadon ƙasashe biyu.

A Oktoba 1963 soja ƙarƙashin Kanar Christophe Soglo suka kifar da Hubert Maga, wanda ke ɗasawa da Diori Hamani. Kafin ƙarshen shekarar Nijar ta kori ƴan Dahome masu yawa da ke aiki cikin gwamnatinta, Dahome ta toshe hanyar Kwatano wadda kayan Nijar ke bi, aka ja soja zuwa bakin kogi. Sunan Lete ya cika rediyo, alhali abin da ke tsakanin gwamnatocin biyu ya wuce tsibirin nesa. A Janairu 1965, a taron Yamusukuro, aka amince mutanen ƙasashen biyu su ci gaba da zama tare a wurin har ran da za a yanke magana. An kashe wutar a sama, amma tambayar Sadoux ta 1914, wato wa ke ba da izini kuma wa ke hukunci, ta koma ba amsa. An sake samun tashin hankali a 1993 da 1998, kuma kwamitin haɗin gwiwa da aka kafa a 1994 ya yi ta zama bai cimma matsaya ba.

4. Hukuncin Lahay

A ranar 15 ga Yuni 2001, zamanin Tanja Mamadu da Mathieu Kérékou, ƙasashen biyu suka sa hannu a Kwatano kan kai maganar gaban kotun duniya da ke Lahay. Alƙalai biyar ƙarƙashin Raymond Ranjeva suka yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005. Ƙa'idar da suka bi ita ce kowace ƙasa ta gaji iyakar da ta tarar ran samun ƴanci. Da yake ba ɓangaren da ya kawo dokar da ta fayyace iyakar, sai kotu ta duba wanda ya gudanar da mulki a zahiri. Ta ga cewa wasiƙar 1954 ba ta isa ta sauya iyaka ba, ta ɗauki layin da ya fi zurfi cikin babban reshen da jirgi ke bi. Nijar ta sami tsibirai 16, har da Lete, Benin ta sami 9. An ɗaga tutar Nijar a tsibirin a Fabrairu 2007.

Abin lura shi ne irin shaidar da ta yi nauyi: rajistar lanho, rahoton rangadi, takardun shari'a. Lanhon da talaka ya biya yana ƙorafi, shi ne bayan shekaru ya zama hujjar ƙasarsa. Kotun ta kuma bayyana cewa rabon tsibiran bai shafi haƙƙin mallaka na ɗaiɗaikun mutane ba. Wannan jimla gajera ce cikin hukuncin, amma ita ce ta fi kusa da rayuwar ƙauye, tunda tana nufin Badanden Karimama da ke da gona a Lete bai rasa ta ba don tuta ta canza. Sai dai haƙƙin da ba a rubuce yake ba, wanda dattawa kaɗai ke riƙe da shi a ka, kare shi gaban hukumar wata ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne, kuma hukuncin bai tanadi hanyar yin haka ba.

Barazanar da ta biyo baya ba daga maƙwabta ta zo ba. Tun daga 2021 ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai suka yawaita kai hari a arewacin Benin da kewayen gandun dajin W, wanda ke kusa da wannan sashe na kogin. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Yamai aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, mutane da kaya suka koma ƙetarewa da jiragen ruwa, kamar yadda ake yi kafin a gina gadar farko a 1958.