Bizar karatun digirin digirgir a Faransa: abin da ɗalibin Gadarif ya kamata ya sani

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Khartum. Don haka ɗalibin Gadarif sai ya tsallaka wata ƙasa, kamar Masar ko Habasha, kafin ya miƙa takardun neman biza.

Hanya biyu ce. Wanda jami'a ta ɗauka da albashi, ta ba shi takardar "convention d'accueil", yana samun izinin zama na masu bincike, har shekara 4. Mai ɗaukar nauyin kansa kuwa bizar ɗalibai ta VLS-TS ake ba shi, kuma dole ya tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da saukarsa. In ya yi sake, zamansa ya saɓa wa doka.